Ƙaddara a Ƙofar Aji: Abin da Na Tsinta a Gardamar Kiristoci Kan Zaɓaɓɓu

Akwai wata magana da kusan kowane malamin makaranta a ƙasar nan ya taɓa ji, ko daga bakin abokin aiki ko daga bakin uban yaro: "Wannan ba shi da rabo a boko." Akan faɗe ta a ƙarshen shekara idan an raba sakamakon jarrabawa, kuma cikin natsuwa ake faɗinta, kamar mai ba da labarin yadda damina ta kasance. Da zarar an faɗa, zance ya ƙare. Malami ya huta, uba ya huta, yaro kuma ya san matsayinsa.

Bahaushe yana da karin maganar da ke mara wa wannan baya. Ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ya kuma ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. To amma shi ɗin ne dai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duka biyun muna riƙe da su a aljihu, mu zaro wanda ya dace da bukatarmu. In yaro ya ci jarrabawa, ƙoƙarin makaranta ne da na gida. In ya faɗi, ƙaddara ce.

Ni Musulmi ne, kuma imani da ƙaddara yana cikin shika-shikan imanina. Amma a wannan rubutu ina so in bi ta ƙofar maƙwabta, in kawo wa malamai da iyaye wata tsohuwar gardama ta Kiristoci, domin na tsinci wani abu a cikinta da ya shafi aikinmu kai tsaye. Gardamar ita ce: shin Allah ne ya zaɓi waɗanda za su sami ceto tun kafin a halicce su, ko kuwa ƙofa a buɗe take ga kowa, mutum ne ke shiga ko ya ƙi?

Shayi da ayoyi

Kiristoci ba su da yawa a Agadez, amma suna nan. Akwai ƴan Katolika, waɗanda ke ƙarƙashin bishop na Maradi tun da aka kafa yankinsa a 2001. Akwai ƴan ƙasa da kakanninsu suka karɓi bishara a hannun mishan ɗin SIM, wanda ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Akwai kuma baƙi daga Benin da Togo da Najeriya, ƴan kasuwa da ma'aikata da matafiya.

A wata makarantar da na yi aiki, mun zauna da Kiristoci biyu. Ɗaya Bahaushe ne daga wajen Maradi, yana riƙe da ajin CM2. Ɗayar kuma madam ce da iyayenta suka zo daga Benin, tana riƙe da ƙananan yara. Addininsu ɗaya, littafinsu ɗaya, amma in an ɗora shayi lokacin hutu aka taɓo wannan batu, sai ka rantse ba su taɓa shiga coci ɗaya ba.

Shi yakan kafa hujja da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 9, inda aka ba da misalin tagwaye Yakubu da Isuwa, aka nuna cewa an fifita ɗaya a kan ɗaya tun suna ciki, ba su aikata alheri ko mugunta ba. A surar ne kuma aka kwatanta Allah da maginin tukwane wanda ke da iko a kan yumɓunsa. Sai ya ƙara da farkon wasiƙar Afisawa, wadda ke maganar zaɓen da aka yi tun kafin a kafa duniya. Ita kuma sai ta ɗauko wasiƙar farko zuwa ga Timoti, sura ta 2, da wasiƙar Bitrus ta biyu, sura ta 3, waɗanda ke nuna cewa nufin Allah shi ne kowa ya tsira, ba ya son kowa ya hallaka.

"Haba Mushe," in ji ta wata rana, "in an riga an gama rubuta sunaye, me ya sa kake tashi da sassafe ran Lahadi kana yi wa yara wa'azi?"

Ya ce, "Madam, ai ni ban ga takardar ba. Da na gan ta, da na huta."

Muka yi dariya, aka zuba shayi na biyu. Amma amsar nan tasa ta tsaya mini a rai, har ta sa na ari littattafai a wurinsu, na kuma bi sawun maganar a intanet. Sai na tarar ashe ba shi ya fara ba da wannan amsa ba. An ba da ita shekaru 1,600 da suka wuce, kuma wanda ya ba da ita tsohon malamin makaranta ne, ɗan nahiyarmu.

Malamin da ke ƙetaren hamada

In ka bar Agadez ka bi ta Arlit da Assamaka ka shiga Aljeriya, ka yi ta nausawa arewa har kusa da teku, akwai garin da ake kira Suk Ahras. A can aka haifi Agustin a shekara ta 354, lokacin sunan garin Tagast. Ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yau. Kafin ya zama malamin addini, koyar da fasahar magana ya yi a Kartaj da Rum da Milan. Duk malamin da ya karanta tarihin rayuwarsa zai ga ɗan'uwa. Ya ba da labarin dukan da ya sha a makaranta yana yaro, da yadda ya tsani darasin Girkanci. Ya bar Kartaj saboda rashin ladabin ɗalibai, ya je Rum ya tarar na can suna da ladabi amma sukan gudu idan lokacin biyan kuɗin malami ya yi.

Ra'ayin Agustin shi ne ɗan Adam ya gaji lalacewa tun daga zunubin Adamu, har ta kai ba ya iya ko son alheri da kansa sai Allah ya fara taɓa zuciyarsa. Ko bangaskiyar da mutum ya yi, a ganinsa, kyauta ce. Tunda kuwa kyauta ce, kuma ba kowa ke samu ba, to mai kyautar ne ya zaɓi waɗanda zai ba.

Wanda ya ja da shi sunansa Pelajiyus, mutumin Birtaniya mai tsantseni da ya zauna a Rum. Abin da ya dame shi shi ne sakacin da ya gani a wurin Kiristocin birnin, waɗanda ke fakewa da raunin ɗan Adam suna sheƙe ayarsu. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma duk malami zai gane ta: ba a umartar mutum da abin da ba zai iya ba. In Allah ya ce a yi, to ana iyawa. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj a 418 ya yi watsi da koyarwar Pelajiyus. Sai dai hakan bai kashe tambayar ba.

Tambayar ƴan Hadrumetum

Wurin da labarin ya fi kama ni shi ne abin da ya faru wajen shekara ta 426 a wani gidan masu ibada da ke Hadrumetum, garin Susa na ƙasar Tunisiya a yau. Wata wasiƙar Agustin ta shiga hannun mazauna gidan, ta raba kawunansu. Daga cikin abin da ya taso har da wannan: in dai shiriya kyauta ce daga Allah, to don me shugaban gida zai tsawata wa wanda ya yi laifi? Ya yi masa addu'a kawai ya ƙyale shi. In zaɓaɓɓe ne zai gyaru, in ba zaɓaɓɓe ba ne faɗa ba zai yi amfani ba.

Mai karatu, ka cire rigar addini daga wannan tambaya ka sa mata rigar makaranta. Ita ce dai maganar malamin da ya ce ba zai ɓata allinsa a kan ƴan bencin baya ba. Ita ce maganar uban da ya ce ba zai ƙara sayen littafi da biro ba, tunda an ga alamar yaron ba na karatu ba ne.

Agustin ya rubuta musu littafi guda a kan tsawatarwa da alherin Allah. Bai janye ko taƙi ɗaya daga ra'ayinsa na zaɓe ba, amma ya ce tilas a ci gaba da tsawatarwa da gyara, cikin ƙauna. Dalilinsa shi ne babu wanda ya san wane ne ke cikin zaɓaɓɓu, wane ne ba ya ciki. Saboda haka wajibi ne a yi wa kowa fatan tsira, a kuma ba kowa magani. Mai yiwuwa ma faɗan da ka yi yau shi ne hanyar da Allah ya ƙaddara gyaruwar mutumin za ta biyo.

Wato mutumin da ya fi kowa tsanantawa a kan cewa akwai jerin sunaye, shi ne kuma ya hana kowa ya ce ya karanta jerin.

Yadda gardamar ta ci gaba

Taron Oranj na 529, a kudancin Faransa ta yau, ya tabbatar da cewa alherin Allah ne ke fara zuwa, amma ya la'anci ra'ayin cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta. Bayan kusan shekaru 1,000 wutar ta sake tashi. Erasmus ya rubuta littafi yana kare ƴancin zaɓin ɗan Adam a 1524, Martin Luta ya mayar masa da martani mai zafi a 1525. Sai Jan Kalbin, Bafaranshen da ya zauna a Jeneba, wanda ya fara fitar da babban littafinsa a 1536. Shi ya fito fili ya ce Allah ya ƙaddara wa wasu rai madawwami, wasu kuma hallaka, kuma da kansa ya amince cewa hukunci ne mai ban tsoro. Abin lura ga malami shi ne wannan mutumin bai naɗe hannu ba. A 1559 ya kafa makaranta a Jeneba, wadda daga baya ta zama jami'ar birnin.

A Holan, wani malamin jami'ar Laidin mai suna Arminiyus ya koyar da cewa Allah yana miƙa alherinsa ga kowa, mutum yana iya ƙi, kuma zaɓen yana tafiya ne tare da sanin da Allah ya riga ya yi na wanda zai ba da gaskiya. Ya rasu a 1609, almajiransa suka gabatar da ƙorafi mai batutuwa biyar a 1610. Aka kira babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, aka yanke hukunci a kansu. Fastoci kimanin 200 suka rasa aikinsu, kuma da yake siyasa ta shiga ciki, an fille kan dattijon ɗan siyasar da ke kare su, Oldenbarnebelt, a watan Mayu na 1619. Duk da haka, a cikin matsayar da taron Dort ya fitar an rubuta cewa dole a yi shelar bishara ga dukkan al'ummai da dukkan mutane ba tare da nuna bambanci ba.

Su ma ƴan Katolika sun yi tasu tsakanin ƴan Dominikan da ƴan Jezuwit, har Paparoma Bulus na Biyar ya dakatar da shari'ar a 1607, ya bar kowane ɓangare da koyarwarsa, ya hana su kafirta juna. A Ingila kuma, aminai biyu masu wa'azi, Jon Wesli da Joj Witfil, sun ɓata a kan batun wajen 1740. Wesli yana ɓangaren Arminiyus, Witfil yana ɓangaren Kalbin. Daga baya suka shirya ba tare da ɗaya ya bi ɗaya ba, kuma da Witfil ya rasu a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan. Har gobe coci-coci a rabe suke. Cocin NKST na ƙasar Tibi a Najeriya yana kan tafarkin Kalbin, ƴan Metodis da mafi yawan ƴan Fentikos suna kan na Arminiyus. Abokan aikina biyu jikokin wannan rabuwa ne.

Musulmi ba zai ji wannan labari baƙo ba. Mu ma an yi Jabariyya masu cewa mutum tilasta shi ake yi, da Ƙadariyya da Mu'utazila masu ƙarfafa ikon bawa a kan aikinsa, kafin Imam Ash'ari ya zo da bayanin da mafi yawan malamanmu na Malikiyya suka bi. Kuma a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, sahabbai sun tambayi Annabi (SAW) ko su dogara da abin da aka rubuta su bar aiki, ya umarce su da su yi aiki, domin kowa ana sauƙaƙe masa hanyar abin da aka halicce shi dominsa. Ba ina cewa aƙidun biyu ɗaya ba ne, bambancinsu a kan zunubin gado da ma'anar ceto babba ne. Amma a kan wannan gaɓa sun haɗu: an ɓoye wa ɗan Adam abin da aka rubuta, an bar shi da aiki.

Takardar da muke rubutawa da kanmu

Yanzu a dawo aji. Abin da manyan malaman addini suka ji tsoron yi game da lahira, a makarantunmu ana yinsa game da duniya, a kan yaro ɗan shekara 7, ba tare da ko ɗar ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya shigo CI daga gidan da ake Tamajak ko Tubanci ko Fulatanci ko Hausa, ya tarar da malami yana Faransanci. Ɗan ma'aikaci da ya yi makarantar renon yara ya ɗaga hannu tun makon farko. Ɗan makiyayi ya yi shiru, domin bai ma gane abin da ake tambaya ba. Kafin hutun farko an riga an san "masu kai" da "marasa kai". Aka yi jarrabawa, aka kira na ɗaya zuwa na ƙarshe a gaban kowa, aka zaunar da su bisa wannan jeri. Na gaba su ake tambaya, su ke zuwa allo, littafinsu ake dubawa da kyau. Na baya ba a neman komai a wurinsu sai shiru. Bayan shekara shida sai a ce, "Ai dama mun faɗa." An manta cewa faɗar ce ta share wa abin hanya.

Masu bincike sun gwada wannan. A littafin da Robat Rozental da Lenor Jakobson suka fitar a 1968, sun ba da labarin wata makarantar firamare a Kalifoniya ta Amurka, inda aka gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali da ka aka tsamo sunayensu. A ƙarshen shekara yaran sun fi sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Masana sun yi ta muhawara a kan girman wannan tasiri, amma malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san zaton da ake yi wa yaro yana bin sa.

A Agadez kuwa hukuncin yana da tsada. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, yaron da aka gaya wa ba shi da rabo a boko ya san inda zai je neman rabonsa. Wasu sun dawo da mota, wasu sun dawo da tari, wasu rami ya rufta da su. Yarinya kuma in aka yanke mata wannan hukunci, maganar aure ce ke biyo baya. Na taɓa karɓar wata yarinya a CE2 da aka haɗo ni da labarinta tun kafin in ga fuskarta, wai ba ta gane komai. Da na matso da ita gaba don in sa mata ido, sai na lura tana kwafar rubutu daidai in tana kusa da allo. Ashe idonta ne ba ya hangen nesa. Shekara uku tana zaune a bencin ƙarshe, an rubuta ta cikin ɓatattu, alhali tabarau take bukata. Ba ta zama ta ɗaya ba, amma ta koyi karatu, ta wuce kwaleji.

Abin da na ɗauka daga kowane ɓangare

Ba hurumina ba ne in raba gardamar Kiristoci, su ma shekaru 1,600 ba su ishe su ba. Amma a matsayina na malami na ɗauki abu ɗaya daga kowane ɓangare.

Daga Agustin na ɗauki tawali'u. Yaron da ke zuwa na ɗaya bai sayi ƙwaƙwalwarsa a kasuwa ba, bai zaɓi gidan da aka haife shi ba, bai zaɓi uwar da ta iya karatu ba. Ba shi aka yi. In haka ne, babu dalilin da zai sa a kumbura masa kai, babu kuma dalilin wulaƙanta wanda bai samu ba. Gaskiya ne yatsun hannu ba ɗaya suke ba, kuma malamin da ya ce duk yara baiwarsu ɗaya yana yaudarar kansa.

Daga Pelajiyus da Arminiyus na ɗauki cewa kiran da ake yi wa kowa dole ya zama na gaskiya. In na tsaya gaban yara 70 na ce "ku karanta", alhali a zuciyata 15 kawai nake nufi, to sauran na yi musu ƙarya. Umarnin da na ba yaro alkawari ne cewa na yarda zai iya, kuma zan tsaya masa har ya iya gwargwadon ƙarfinsa.

Daga su duka kuma na ɗauki amsar abokin aikina: ban ga takardar ba. Ba a nuna wa darakta ba, ba a nuna wa sufeto ba, ba a nuna wa uba ba.

Don haka ina roƙon ƴan'uwana malamai abubuwa ƙanana da ba sa bukatar kuɗin gwamnati. A riƙa juya wurin zama duk mako, na baya su dawo gaba. A daina miƙa yaro ga malamin aji na gaba tare da laƙabinsa. Kafin a ce yaro daƙiƙi ne, a duba idonsa da kunnensa, a tambaya ko ya karya kumallo, a yi masa tambayar da harshen gidansu a ji ko zai amsa. Iyaye kuma, kada ku faɗi kalmar "ba shi da rabo" a gaban yaro, domin yana ji, kuma ku ya fi yarda da ku a kan kowa. In malami ya faɗa muku ita, ku tambaye shi a ina ya gani.

Ƙaddara gaskiya ce, amma bayan abu ya faru ake saninta. Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne alli da haƙuri da addu'a, kuma kowane yaro yana da haƙƙi a cikinsu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da aka ɗora mana.